Harɗaɗɗun Kalmomin Turanci: Fashin Baƙi a Kan Yadda Ake Gina Su da Yadda Ake Gane Su

Duk wanda ya taɓa riƙe littafin aikin gona na sakandare ya ci karo da sunaye biyu masu kama da juna kamar an tsaga kara, wato *palm oil* da *oil palm*. Kalmomin da ke cikinsu ɗaya ne, wurin zamansu kawai aka sauya, amma na farko manja ne da ake zubawa a miya, na biyu kuwa itacen kwakwar da ake samun manjan daga 'ya'yansa. Haka *sugar cane* rake ne, alhali *cane sugar* sukarin da aka samo daga rake ne. *Racehorse* dokin sukuwa ne, *horse race* kuma ita ce sukuwar kanta. Ɗalibin da ya haddace ma'anar kowace kalma ita kaɗai, bai san ƙa'idar jerinsu ba, zai iya rubuta cewa manomi ya dasa manja a gonarsa ba tare da ya san ya yi kuskure ba.

Irin waɗannan su ne masana nahawu ke kira harɗaɗɗun kalmomi, wato kalmomi biyu ko fiye, kowacce mai cin gashin kanta, da aka haɗa suka zama sunan abu ɗaya. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai jin Hausa, domin harshenmu cike yake da su: gidan waya, jirgin sama, ɗan sanda, gashin baki, shan-inna, fasa-ƙwauri. Saboda haka ban yarda da masu cewa babin yana wahalar da ɗalibanmu ne don sabo ne a wurinsu ba. Abin da ke wahalar da su shi ne Turanci yana jera kalmomin a baibai idan aka gwada da Hausa, kuma ba ya sa wata alama a tsakaninsu da za ta nuna wacce ce ta mallaki wacce.

A kowace harɗaɗɗiyar kalma ta yau da kullum akwai jigo, wato kalmar da ke faɗin ko wane irin abu ne ake magana a kai, sannan akwai mai fayyacewa, wadda ke taƙaita shi. Jirgin sama jirgi ne, ba sama ba ce. Gidan waya gida ne, ba waya ba ce. A Hausa jigon ne ke zuwa a farko, ɗan harafin nan na -n ko -r ya ɗaure shi da abin da ke biye. A Turanci jigon yana zuwa ne a ƙarshe, kuma babu mahaɗi ko kaɗan. *Rainwater* ruwa ne, *water tank* tanki ne, *tank water* kuwa ruwan tanki ne. Masanin harshe Edwin Williams ya tsara wannan a matsayin ƙa'ida a 1981, inda ya nuna cewa kalmar da ke hannun dama ita ce ke yanke hukunci a kan ajin dukan harɗaɗɗiyar kalmar, ko suna ce ko sifa ko aikatau. Shi ya sa *sky blue* sifa ce duk da cewa ta fara da suna, *blackboard* kuma suna ce duk da cewa ta fara da sifa. Turanci ya gaji wannan tsari ne daga danginsa, domin haka Jamusanci da harshen Holan suke yi. Faransanci kuwa ya fi kusa da Hausa: *chemin de fer* hanyar ƙarfe ce, *salle de classe* ɗakin aji ne, jigon a farko da mahaɗinsa a tsakiya. Ɗalibin Maraɗi ko Damagaram da ya fara da Faransanci ba ya jin wani sauyi tsakanin harshen gida da na makaranta a wannan wuri, sai ranar da ya shiga ajin Turanci.

Amfanin sanin wannan ƙa'ida ya fi bayyana idan kalmomin suka yi yawa, kamar yadda ake gani a kanun jaridu da sunayen hukumomi. Tun daga 29 ga Mayu, 2023, jaridun Najeriya suka cika da *fuel subsidy removal*, sunaye uku a jere ba tare da komai a tsakaninsu ba. Wanda ya fara fassara daga hagu zai tsaya a kan man fetur yana neman abin da ya same shi. Wanda ya faro daga dama kuwa zai samu cirewa, sannan tallafi, sannan mai, kuma ga Hausa ta fito tsaf ba tare da an tilasta mata ba: cire tallafin man fetur. Haka *polio vaccination campaign* take zama gangamin rigakafin shan-inna, *World Health Organization* ta zama Hukumar Lafiya ta Duniya, *Kano State Water Board* ta zama Hukumar Ruwa ta Jihar Kano. A misali na ƙarshe akwai wata harɗaɗɗiyar kalma a cikin wata, domin *Kano State* ita ma an juya ta ta zama Jihar Kano. Wannan shi ne abin da masu fassara labarai a gidajen rediyo suke yi kullum cikin hanzari, kuma da a ce tun a aji ɗaya na sakandare ake nuna wa yara wannan dabara a fili, da an rage musu wahala mai yawa.

Sai dai jerin yakan zo da harshen damo. *Nigerian history teacher* na iya zama malamin tarihin Najeriya, yana kuma iya zama malamin tarihi ɗan Najeriya, ya danganta da ko kalmar farko ta rungumi ta biyu ce ko ta rungumi sauran biyun gaba ɗaya. Hausa ba ta barin mai magana ya tsere wa wannan zaɓi, dole ya faɗi wanda yake nufi. Turanci kuwa yakan bar wa mai karatu ya gano daga abin da ke kewaye da maganar. Jamusawa sun warware wani ɓangare na matsalar ta hanyar manne komai wuri ɗaya a rubuce, har aka taɓa samun sunan wata doka a kan lakabin naman shanu mai haruffa 63 a jihar Mecklenburg-Vorpommern, wadda aka soke a 2013. Turanci yana gina irin wannan dogon jeri shi ma, bambancin kawai shi ne yana barin fili a tsakani, sai mutum ya ɗauka kalmomi ne daban-daban.

Bayan an gano jigo, tambaya ta gaba ita ce dangantakar da ke tsakanin kalmomin biyu, kuma a nan babu wata ƙa'ida da za ta ceci ɗalibi. *Groundnut oil* mai ne da aka yi da gyaɗa, amma *baby oil* mai ne da aka yi domin jarirai, *engine oil* kuma na zubawa a inji ne. *Milkman* yana kawo madara, *fireman* yana kashe wuta, *snowman* kuwa mutum-mutumi ne da aka gina da ƙanƙara. *Sleeping pill* tana kawo barci, *headache pill* tana korar ciwon kai. Wasu malamai kan kawo waɗannan misalai don nuna cewa Turanci harshe ne marar tsari, ni kuwa ina ganin wannan rashin adalci ne, domin Hausa ma haka take yi kuma ba mu taɓa jin ta dame mu ba. Man gyaɗa daga gyaɗa yake, man kitso don kitso ake yin sa, man shanu daga nonon shanu ne. Maganin sauro yana kashe sauro, maganin barci yana kawo barci, kuma ba a taɓa jin wanda ya je kantin magani ya rikice a tsakaninsu ba. Sanin duniya ne ke cike gurbin da harshe ya bari. Inda ɗalibi zai sha wuya shi ne inda abin da ake magana a kai ba ya cikin duniyarsa, misali *windmill* da iska ke juyawa, *sawmill* da ke yanka katako da zarto, da *paper mill* da ke yin takarda. A irin wannan wuri ƙamus ne kawai mafita.

Batun jam'i shi ne inda aka fi yin kuskure a rubuce, kuma tushen kuskuren a fili yake. Ƙa'ida ta farko iri ɗaya ce a harsunan biyu: jigo ne ke ɗaukar jam'i. Muna cewa gidajen waya, jiragen sama, 'yan sanda, sauyin yana faruwa a farko domin a nan jigon yake. Turanci yana cewa *post offices* da *policemen*, sauyin a ƙarshe. Ƙa'ida ta biyu ce ta bambanta. A Hausa mai fayyacewa tana iya zama jam'i idan hankali ya nuna haka, shi ya sa muke cewa kantin littattafai da shagon takalma da buroshin haƙora. Turanci kuwa yana barin ta a tilo ko da abubuwan dubu ne: *bookshop*, *shoe shop*, *toothbrush*. Haka ma idan an haɗa da lamba, sai a ce *a five-year-old boy* da *a ten-storey building*, ba a sa alamar jam'i a jikin shekara ko bene. A nan Hausa tana iya taimakawa, domin mu ma yaro ɗan shekara biyar muke cewa. Akwai waɗanda suka fita daga wannan tsari, kamar *savings account* da *customs officer* da *sports car* da *arms race*, galibi saboda kalmar farko ba ta da tilo, ko kuma tilonta yana da wata ma'ana dabam. Da an ce *arm race*, da tseren hannu ke nan, ba gasar tara makamai ba.

Wani bincike da Peter Gordon ya wallafa a 1985 ya nuna yadda wannan ƙa'ida ke da zurfi a kan masu harshen. Ya tambayi yara 'yan shekara 3 zuwa 5 abin da za a kira dodon da ke cin wasu abubuwa. Idan jam'in na ƙa'ida ne, wato mai ƙarewa da -s kamar *rats*, kusan kullum sai yaran su cire alamar su ce *rat-eater*. Idan kuwa jam'in na daban ne kamar *mice*, sau da yawa sukan bar shi su ce *mice-eater*. Babu wanda ya zaunar da su ya koya musu wannan. Abin da ɗan Ingila ya tsotsa tun kafin ya shiga makaranta shi ne ɗalibinmu yake buƙatar a bayyana masa dalla-dalla, kuma babu aibi a cikin hakan.

Akwai wani ƙaramin rukuni da jigonsa ke farko, irin na Hausa, kuma tarihi ne ya kawo shi. Bayan da Normandawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi a 1066, harshensu ya daɗe yana mulkin kotu da fada, ya bar sunayen muƙamai da na shari'a masu bin jerin Faransanci: *attorney general*, *secretary general*, *court martial*, *heir apparent*. Antoni-janar ba janar ɗin soja ba ne, lauya ne mai hurumi na gaba ɗaya, don haka jam'in da aka fi yarda da shi a rubutun hukuma shi ne *attorneys general*. Dalili ɗaya ne ya sa ake cewa *mothers-in-law* da *passers-by*, domin a farko jigon yake.

Rukunin da ya fi burge ni shi ne wanda ba shi da jigo a cikinsa sam. *Pickpocket* ba aljihu ba ne, ɗan sane ne. *Scarecrow* ba hankaka ba ne, mutum-mutumin da ake kafawa a gona ne don korar tsuntsaye. *Redhead* ba kai ba ne, mutum ne mai jan gashi. Abin da ake nufi yana waje, kalmar tana faɗin aikinsa ne ko wata siffa tasa kawai. Masana harshe har yau suna kiran irin na *redhead* da suna *bahuvrihi*, wanda suka aro daga tsofaffin masana nahawun Sanskrit na Indiya, jama'ar Panini, kuma ma'anar sunan ita ce mai shinkafa da yawa, wato attajiri. A wannan fanni Hausa ta fi Turanci arziki nesa ba kusa ba. Farar hula ba hula ba ce, mutumin da ba soja ba ne, kuma farar hula ne ko da jar dara ce a kansa. Hana-salla hula ce, dafa-duka abinci ne, ɓata-gari mutum ne, a-daidaita-sahu abin hawa ne. Tsarin aikatau a farko da suna a bayansa yana raye a Hausa, kullum ana ƙirƙiro sababbi a tasha da kasuwa, alhali a Turanci ya kusa daina haihuwa, waɗanda suka rage yawancinsu tsofaffi ne kuma na zagi, kamar *cutthroat* da *killjoy* da *turncoat*.

Abin da Turanci ya fi amfani da shi a madadin wannan shi ne ya sa abin da aikin ya faɗa wa a farko, aikatau a bayansa, sannan ya liƙa -er ko -ing. Daga nan aka samu *shopkeeper* da *goalkeeper* da *bricklayer* da *storytelling*. Dogon benen da Bafaranshe ke kira *gratte-ciel*, wato karci-sama, da aikatau a farko yadda Bahaushe zai yi, Bature ɗan Ingila ko Amurka yana kiransa *skyscraper*, sama a farko, mai karta a ƙarshe. Wannan ƙofa a buɗe take, kowa na iya gina sabuwar kalma ta wannan hanya a fahimce shi nan take.

Yanzu sai babbar tambaya, wadda littattafan makaranta da yawa suke wucewa a gurguje: yaya ake bambanta harɗaɗɗiyar kalma da kalmomi biyu da suka zauna kusa da juna kawai? Amsar tana cikin kunne kafin ido. Turanci harshe ne da ke danna murya a kan gaɓa ɗaya fiye da sauran, kuma a yawancin harɗaɗɗun sunaye nauyin yana faɗawa a kan kalmar farko, alhali a jerin sifa da suna na yau da kullum yana faɗawa a kan ta biyu. A misalan da ke tafe, manyan haruffa ne ke nuna inda nauyin yake. *Green HOUSE* koren gida ne, *GREENhouse* kuwa ɗakin gilashi ne da ake renon tsirrai a ciki. *White HOUSE* kowane farin gida ne, *WHITE House* fadar shugaban Amurka ce. *English TEAcher* malami ne ɗan Ingila, *ENGlish teacher* malamin Turanci ne ko da mutumin Katsina ne. *Black BIRD* kowane baƙin tsuntsu ne, *BLACKbird* kuwa wani nau'in tsuntsu ne na musamman, wanda macensa a Ingila ma ruwan ƙasa ce.

Mai jin Hausa yana da kunnen da zai kama wannan, domin harshensa ma yana yin alama da murya. A faɗi "ya dafa duka", sannan a faɗi "dafa-duka", za a ji cewa a ta biyu karin sautin "dafa" ya sauka ƙasa gaba ɗaya. Haka yake tsakanin "ya hana salla" da "hana-salla". Saukar muryar ce ke sanar da mai sauraro cewa jimla ta ƙare, suna ya fara. Matsalar ita ce da yawa daga cikinmu a kan takarda muka koyi Turanci, daga malaman da su ma a kan takarda suka koya, sai aka saba ba kowace kalma nauyi daidai da 'yar'uwarta, bambancin ya ɓace. Tambayoyin danna murya kuwa suna fitowa a takardar furuci ta jarrabawar WAEC, inda ɗalibai da yawa ke cankar amsa kawai.

Akwai gwaji na biyu da ba ya buƙatar kunne. Harɗaɗɗiyar kalma ta riga ta daskare, ba a shiga tsakaninta, kuma ma'anarta ba ta dogara da gaskiyar sassanta ba. A ɗauki allon aji na makarantun firamare na gwamnati, wanda aka yaɓa da siminti a jikin bango, yara suna daka gawayi ko baƙin tsohon batir su kwaɓa da ruwa su shafa masa idan ya koɗe. Ranar da ya koɗe ya yi toka-toka, ba baƙin allo ba ne kuma a ido, amma yana nan *blackboard*. Ana ma iya cewa *a green blackboard* ba tare da an yi tufka da warwara ba. Ana cewa *a very black board* idan ana nufin katako baƙi wuluk, amma ba a cewa *a very blackboard*, kamar yadda ba a cewa wane fara fat hula ne don a nuna ya yi nisa da aikin soja.

Gaskiya ta wajabta a faɗi cewa ƙa'idar danna murya tana da ɓaraka. Idan kalmar farko tana faɗin abin da aka yi abu da shi, ko wuri, ko lokaci, nauyin yakan koma ta biyu, kamar a *cotton SHIRT* da *kitchen SINK*. A birnin Landan ana cewa *OXford Street* da nauyi a farko, amma *Oxford CIRcus* da nauyi a ƙarshe, alhali wannan na biyun mahaɗa ce da ke kan titin nan ɗin. Ana cewa *apple PIE* amma *APple cake*. Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan dalilin haka. Abin da ya kamata ɗalibi ya yi shi ne ya koyi karanta ɗan layin da ƙamusun masu koyo ke sawa a gaban gaɓar da ake dannawa, ya kuma saurari furucin a waya idan yana da hali.

Rubutu shi ne abin da ɗalibai suka fi tambaya a kai, kuma shi ne mafi ƙarancin tabbas. Ana rubuta harɗaɗɗun kalmomi ta hanyoyi uku: a manne kamar *notebook*, da karan-ɗori kamar *mother-in-law*, ko a ware kamar *post office*. Duk ukun harɗaɗɗu ne, kuma siffar rubutun ba ta faɗin komai game da ƙarfin haɗin. Sau da yawa kalma takan fara a ware, ta samu karan-ɗori, daga baya ta manne idan ido ya saba da ita. Har farkon ƙarni na 20 ana buga *to-day* da *to-morrow* da karan-ɗori. Kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya koma rubuta *website* a manne a 2010, ya cire karan-ɗorin *e-mail* a 2011. A 2007, bugu na shida na ƙamusun Shorter Oxford ya cire karan-ɗori daga kalmomi kusan 16,000, wasu ya manne su kamar *bumblebee* da *crybaby*, wasu ya raba su kamar *ice cream* da *test tube*. Idan manyan ƙamusu suna sauya ra'ayi haka, bai kamata a tsorata yaro da wannan ba. Ya zaɓi ƙamus ɗaya mai kyau ya bi shi, kada ya rubuta kalma ɗaya ta hanyoyi biyu a shafi guda. Mu ma a Hausa ba mu gama daidaita wannan ba, ana ganin ɗan'uwa da ɗan-uwa da ɗan uwa a jarida ɗaya.

Amma akwai wuraren da rubutun ke sauya ma'ana, kuma a nan babu sassauci. Idan kalmomi biyu ko fiye suka haɗu suka zama sifa ɗaya a gaban suna, ana ɗaure su da karan-ɗori: *a man-eating crocodile* kada ne mai cin mutane, *a man eating crocodile* kuwa mutum ne yana cin naman kada. Ana rubuta *a well-known trader* da karan-ɗori, amma *the trader is well known* ba tare da shi ba, domin sifar ta koma bayan suna. Ba a sa shi bayan kalma mai ƙarewa da -ly, kamar a *a highly respected judge*. Haka nan aikatau mai ɗan wutsiya a ware yake, sunan da aka samu daga gare shi a manne: mota takan *break down*, abin da ya same ta kuwa *breakdown* ne, kuma muryar ma tana komawa farko a sunan. *Every day* na nufin kowace rana, *everyday* kuwa sifa ce mai nufin na yau da kullum. Sannan akwai waɗanda ba harɗaɗɗu ba ne ko kaɗan amma hannun ɗalibai ya saba manne su, irin su *in fact* da *in spite of* da *a lot*, waɗanda ke cinye maki a ɓangaren daidaiton rubutu na insha'i.

Wasu harɗaɗɗun kalmomin sun tsufa har sun narke, masu harshen ma ba sa ganin ɗinkin. *Lord* asalinta *hlafweard* ce a tsohon Turanci, wato mai tsaron burodi, *lady* kuma mai kwaɓa burodi. *Window* ta zo ne daga harshen mutanen Arewacin Turai da suka mamaye sassan Ingila, ma'anarta idon iska. *Holiday* rana ce mai tsarki. *Breakfast* karya azumin dare ne, tunani ɗaya da karin kumallo, amma furucinta ya gajarce har ba a jin sassan. Wasu kuma suna yaudara: *pineapple* abarba ce, ba tuffa ba, *guinea pig* ba alade ba ne kuma asalinsa Kudancin Amurka ne. *Hamburger* ta samo suna ne daga birnin Hamburg na Jamus, ba daga *ham* mai nufin naman alade ba, amma mutane suka yanka ta a wurin da ba gaɓa ba, suka fitar da *burger*, daga nan aka samu *cheeseburger* da sauransu.

Hausa ta yi wa Turanci irin wannan narkarwa a cikin ɗan lokaci kaɗan. Cingam daga *chewing gum* take, askirim daga *ice cream*, lasifika daga *loudspeaker*, tocila daga *torchlight*, birkila daga *bricklayer*, hankici daga *handkerchief*, samanja daga *sergeant major*, ga kuma ciyaman da hedimasta da hedikwata. Kabad ta fito daga *cupboard*, wato katakon ajiye kofuna, kuma furucinmu ya fi kusa da na masu harshen fiye da na ɗalibin da ke ƙoƙarin karanta kowane harafi, domin kakanninmu da kunne suka ɗauke ta. Malamin da ya fara darasi da waɗannan, ya sa yara su warware su da kansu, zai ga sun gane jigo da mai fayyacewa kafin ya ambaci sunayensu.

Turancin da ake yi a Najeriya shi ma yana gina nasa, kuma galibi yana bin ƙa'idar jigo a dama ba tare da an umarce shi ba: *motor park*, *head tie*, *bush meat*, *okada rider*. Wasu sun sauya ma'ana a hanya, domin *go-slow* a Ingila jan ƙafar da ma'aikata ke yi ne da gangan a wurin aiki, a Legas da Kano kuwa cunkoson motoci ne. A watan Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Najeriya, cikinsu har da *barbing salon* da *ember months* da *mama put*. Biyun farko suna da jigo a dama yadda aka saba. *Mama put* kuwa jimla ce ta mai saye yana cewa uwar abinci ta zuba, aka daskarar da ita ta zama sunan mai sayarwar da rumfarta, gini irin na a-daidaita-sahu da ka-ce-na-ce. A jerin akwai *Kannywood*, wadda ita ba harɗaɗɗiyar kalma ba ce a ma'anar da aka bi a nan, domin an gutsuro sassa ne daga Kano da Hollywood aka haɗa, kamar yadda aka samu *smog* daga *smoke* da *fog*, wannan kuwa babi ne dabam mai nasa ƙa'idoji.